Gaisuwar Suruki, Jirgi Yana Sama

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta kakar bara waccan ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in na ji ƙaurin ciyawa tana cin wuta sai in kama waige-waige ina neman inda zan ɓuya.

Ni malamin kimiyya ne a wani kolej a Madarunfa, irin waɗanda kowa ke kira Mushe. Matata Rakiya 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Safo. Mahaifinta kuwa (ba zan kama sunansa ba ko a rubuce, da sauran kunyata) manomi ne na gasken gaske, wanda in ya dubi mutum hannuwansa yake fara dubawa. Nawa hannuwan alli kaɗai suka sani. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma kuma bai taɓa ɗaukata cikakken magidanci ba. In na je zai amsa gaisuwata, ya tambayi lakwal, wato makaranta, sannan ya juya ya ci gaba da hira da manya. In za a yi shawarar gida sai in ji an ce, “A bar Mushe shi huta.” Wannan hutun da ake ba ni ya fi komai ci mini rai. So nake wata rana dattijon nan ya dube ni ya ga mutumin da ya iya yin wani abu da hannunsa.

To ka ji inda jirgi ya shigo. A salula na ga wasu mutane suna haɗa ƙaramin jirgin sama mai tashi da gaske, ana sarrafa shi daga ƙasa. A bidiyo mutum yana zaune a ɗaki mai sanyi, yana murmushi, kafin shayi ya huce ya gama. Ni kuwa hutun damina kaf a kansa ya ƙare. Jikin jirgin da farin soson nan na cikin kwalin firigo, wato firji, na yanka shi. Fiffiken farko akuyar maƙwabta ta cinye rabinsa (har yau ban gane daɗin me ta ji a ciki ba). Na biyu gam ɗin da na sa ne ya narkar da shi ina ji ina gani. Inji da farfela da batir da telekomand, wato ɗan akwatin da ake riƙewa a sarrafa jirgin, wani abokina mai zuwa Kano ya taho mini da su. Shi ma a tafiyar farko farfelar fankan tebur ya kawo mini, da na yi magana ya ce ai duk juyawa suke yi.

Batirin shi ne abin tsoro. Ba irin na moto (wato babur) ba ne, ba kuma irin na tocila ba. Ɗan ƙunshi ne mai laushi, bai cika tafin hannu ba, amma in aka huda shi, ko aka cika shi ya wuce kima, ko aka manta shi a rana, sai ya kumbura ya kama da wuta, wutar da ba ta jin lallashi. Na karanta duk wannan har na haddace. Na sayi tukunyar ƙasa na zuba mata yashi, a ciki nake sa shi sharji, a tsakar gida, nesa da katifa da labule, ina zaune a kansa kamar mai jinya. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke in jira. Masu ba da shawara kyauta sun yi ta ce mini in jona shi da batirin moto kai tsaye a wuce wurin, na ce ba da ni ba. In zan gwada inji sai na cire farfela. Telekomand ake fara kunnawa, batir ake haɗawa daga ƙarshe. Na kafa wa gidana dokoki har Rakiya ta ce ko lokacin da ta haifi Nana ban kula da jaririya haka ba.

A filin ƙwallon kolej na koyi tuƙi. Na daki raga, na daki bishiyar dalbejiya, na kusa aske wa mai gadi kai, duk ina liƙewa ina sake tashi. Kafin a gama girbi dai hannuna ya faɗa, jirgin yana tashi ya zaga ya sauka a gabana ba tare da ya zubar da komai nasa ba. Ranar da Rakiya ta ce za ta je ganin gida, na ce da ni za a tafi. Ta gan ni ina naɗe fiffike cikin tsohon zane, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Baban Nana, wanga abu dai kada ka kai shi garinmu.”

“Mi za shi hwaru? Ke ba ki ga tanadin da niy yi ba?”

“Na gani. Amma na san ka, kuma na san garinmu.”

Ban saurare ta ba. Haka muka hau moto, ni da ita da Nana da jirgi, ga tukunyar yashi ɗaure a baya. (Ka ji fa, yashi na ɗauka daga Madarunfa zuwa Safo, garin da in ka tsaya yashi ke shige maka takalmi.)

Da muka isa aka ce Baba ba ya nan, ya tafi garin Sarkin Yamma ta'aziyyar wani amininsa, sai yamma liƙis zai dawo. Na durƙusa daga bayan zana na gaida Inna, surukata, kamar yadda na saba. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko ruwa ba na sha a gabanta. Ina fitowa Ila ya tare ni, ƙanin Rakiya, magidanci da 'ya'yansa amma bai bar tsokanata ba.

“Mushe, mi kak ƙunso muna cikin zane? Ko gawar zabo ce?”

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, “To ka gwada shi tun tsoho bai komo ba. In ya ƙi tashi mu kaɗai munka gani.”

Gaskiya shawarar ta yi ma'ana, shi ya sa har yau nake jin haushinta.

A bayan gidajen akwai gonar da aka gama girbe hatsinta, fili fetal, sai guntayen kara a tsaye. Can gefe, jikin dangar gidan Baba, rumbunsa ne na laka mai hular jinka, an gama zuba masa damman bana, cimakar gidan ta shekara ke nan. Na lura da shi sarai. Na yi nisa da shi, na juya masa baya, na duba inda iska ke kaɗawa. Kafin in gama haɗa fiffike rabin gari ya taru. Na ja layi da ƙafa na ce kada wanda ya tsallake. Na ajiye tukunyar yashi kusa da ni, na ɗaga batirin sama na yi wa jama'a darasi a kan hatsarinsa, da murya irin ta aji. Wani tsoho ya tambaya ko sojoji sun san da zancen, na ce wannan soso ne, ko ƙwai ba ya iya ɗauka.

Na kunna telekomand, na haɗa batir, na yi bisimilla na cilla shi.

Ya tashi! Wallahi ya tashi, tashi mai kyau da bai taɓa yin irinsa ba. Ya haura saman gawo ya karkata, rana ta haske farin cikinsa. Yara suka ɓarke da ihu, daga cikin gidaje wata ta rangaɗa guɗa. Ila da ke shirin dariya ya saki baki. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ta raya yadda za a yi da yamma, Baba yana zaune a kan tabarma, ni ina zagaya masa jirgi a bisa kai.

Sai na ji hayaniya ta ɗauke ɗif. Manya suka fara gyara tsayuwa. Na saci kallo ta gefen ido, sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin gona, Baba yana saukowa da sandarsa. Ashe an yi jana'iza da wuri, bai ga abin zama ba. Kuma maimakon ya wuce gida, kai tsaye ya nufo inda taron yake, wato inda nake.

A nan sai na tsaya na yi wa wanda bai sani ba bayani. Mai tuƙa irin wannan jirgi ba ya ɗauke ido daga kansa ko na ƙiftawa, kuma manyan yatsunsa biyu ba sa barin sandunan telekomand. Suruki kuma a ƙasarmu ba a gaishe shi a tsaye. Takalmi ake cirewa, a durƙusa, a sunkuyar da kai, balle gaisuwar farko ta baƙon da ya zo daga wani gari. Waɗannan dokoki biyu duk na san su, ban dai taɓa tunanin za su haɗu a kaina rana ɗaya ba. Na so in sauko da jirgin, amma yana can nesa, saukarwa kuma sai an zagayo. Baba ya riga ya iso, ya dogara sanda, gari duka yana kallona.

Jikina ne ya yanke hukunci ban sani ba. Na tsinci kaina na zare takalma, na zube ƙasa, telekomand a kan cinya.

“Barka da dawowa, Baba.”

“Yauwa, Mushe. Kun zo lahiya?”

“Lahiya lau, Baba.”

“Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

“Ina mutanen Madarunfa? Ina lakwal? Yaran na karatu dai?”

Ina amsawa, kaina a ƙasa, ido ɗaya yana leƙen sama ta ƙarƙashin hula, yatsuna suna ta aiki a ɓoye. Mutumin da kullum gaisuwarsa da ni ba ta wuce kalma uku, ranar nan sai da ya tambayi ruwan tabkin Madarunfa, ya tambayi masunta, ya tambayi ko ƙafar mahaifiyata ta yi sauƙi. Duk da haka ina riƙe da jirgin, yana zagaye a sama, har na fara jin zan tsira. Sai bakina ya jawo mini, don ba yadda za a yi mutum ya dawo daga ta'aziyya ka ƙi yi masa.

“Ina haƙuri, Baba? Allah shi jiƙan shi.”

“Amin, amin. Tare munka tashi da shi, Mushe, tare munka yi kaciya.” Muryarsa ta raunana. Sannan ya dubi jama'a ya ce, “Tunda ga mu tare, mu yi mai addu'a.”

Kowa ya ɗaga tafuka. To ni in yi yaya? Dattijo yana hawayen amininsa, ni in zauna ina latse-latse? Na ajiye telekomand a ƙasa na ɗaga nawa.

Abin da ya kamata in yi kafin in ajiye bai wuce motsin yatsa ɗaya ba. Sandar dama in ka sake ta komawa tsakiya take yi da kanta. Ta hagu, mai ba inji wuta, inda ka bar ta nan take zama. Da na ja ta ƙasa, inji zai mutu, jirgi ya sulalo ya faɗi cikin gona, iyakarta fiffike ya karye. Ni da na haddace littafi guda a kan batir, na bar ta a sama.

Ba ni da bakin cewa addu'ar ta yi tsawo, addu'a ce, Allah ya karɓa. Amma ban taɓa jin kunnena ya rabu biyu ba sai ranar. Ɗaya yana cewa amin, ɗaya yana bin kukan inji. Na ji ya yi nisa, na ce shi ke nan ya tafi Najeriya, Allah ya raka taki gona. Sai na ji yana dawowa. Ya wuce ta bisa kanmu ƙasa-ƙasa har jakin amalanke ya zabura. Muna shafawa, na ji wani “ɓuf” a bayana.

Na waiwaya. Wutsiyar jirgina ce kaɗai a waje, sauran duk ya nutse cikin jinkar rumbun Baba. Duk faɗin ƙasar Safo, da gonakinta da dajinta, bai ga wurin sauka ba sai nan. Wani tsinken jinkar ya huda batirin. Farin hayaƙi ya fara tuɗaɗowa yana huci, kafin in miƙe harshen wuta ya biyo shi.

Na kwasa a guje. Takalmana suna can inda na cire su, tukunyar yashin da na yi dakonta tun daga Madarunfa ita ma tana can. Guntayen kara da ƙarangiya suka yi yadda suka so da tafin ƙafata, ban ma ji ba sai daga baya. Na isa gindin rumbu daidai lokacin da wata mata ta fito daga gida da ƙwarya a hannu. Ban duba ko wace ce ba, na daka mata tsawa da duk ƙarfina.

“Ke tsohuwa! Kawo ƙasa! Ƙasa nic ce, mi kike kallo!”

Inna ce. Sai da maganar ta fita na ga fuskarta, karon farko a rayuwata kuwa, ido cikin ido.

Ba lokacin mutuwa don kunya, sai na ɗage ta zuwa an jima. Na ga tsani jingine, na haye. Dabarata ita ce in ture hular jinkar gaba ɗaya ta faɗi ƙasa kafin wuta ta zuba kan hatsi, kuma dabarar ba laifi. Na sa kafaɗa na tura, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta ƙi. Na tattara duk abin da alli ya bar mini na ƙarfi na angaza, sai ta tafi gaba ɗaya kamar da ma jira take, ni kuma na bi bayanta. Ita ta faɗi waje. Ni na faɗa ciki, da kai.

A garin nan ko matar mutum ba ta leƙa rumbunsa, sirrin maigida ne. Ni kuwa ga ni tsundum a cikin na surukina, kaina a soke tsakanin damman hatsi, ƙaiƙayi ya cika mini hanci da wuya, ƙafafuna suna harbin iska a waje. Wandona kuma (tunda na fara faɗa bari in ƙarasa) ya yi bankwana da ni tun daga kan tsani, ya dare daga gaba har baya. Ina jin mata suna ta watsa wa jinka ruwa da ƙasa, ina jin salati, ina jin Nana tana kuka tana cewa rumbu ya cinye Babanta. Sai na ji an kama idon sawuna, muryar Ila tana cewa, “Ku ja a hankali, jama'a, direban jirgi ne.”

Hatsi dai ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba. Jinka ta tafi, jirgi ya narke ya koma baƙin dunƙule. Rakiya ta miƙo mini zanen da na naɗo fiffike da shi na ɗaura.

Bayan la'asar aka ce Baba yana kira. Na same shi a ƙofar gida da dattawa, an aro mini wandon Ila da bai kai mini idon sawu ba. Karon farko ke nan da aka kira ni cikin manya, ga kuma abin da ya jawo kiran. Na durƙusa nesa, ina jiran a ce in bar musu 'yarsu in kama hanya.

“Mushe, abin ga kai kay yi shi da hannunka?”

“Ni ne, Baba.”

“Kuma ya tashi. Tun daga hanya nig gane shi, na aza shaho ne.” Ya dube ni. “To mi yas sa kas sake shi?”

“Gaisuwa, Baba. Da addu'a.”

“Ni gudu za ni yi? Ko mamacin ne za shi tashi shi tahi? Ko mai shanun huɗa in ya gan ni ba ya sakin igiya, sai ya kai bakin gona shi zo mu gaisa. Ba sai ka ce mini in dakata ba?”

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, kowa yana cewa gaskiya ne, ai da ya ce a dakata. (Ni kuwa na rantse, da na buɗe baki a gaban jama'ar nan na ce wa Baba dakata, da waɗannan dattawan ne za su fara cewa ɗan lakwal bai da tarbiyya, kuma har jikokina sai an yi musu gori. Amma wa zan faɗa wa? Na haɗiye abina.)

Hukunci biyu ya yanke. Na farko, sabuwar jinka ni zan yi ta, da hannun nan da ya iya yin jirgi. Asabar da Lahadi na yi ta zarya ina yankan ciyawa ina yanta, har tafukana suka yi kanta. Na biyu kuwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ku shaida. Daga yau, in da wani abu ga hannun Mushe, na ɗauke mai gaisuwa. Kowa ma shi ɗauke mai. Hatsinmu ya hi gaisuwa tai.”

Inna ma na aika Rakiya ta ba ta haƙuri, don ni ban da fuskar zuwa. Amsar da ta dawo da ita ita ce, a ce wa Mushe tsohuwa ta ji, kuma tsohuwa ta tara ƙasa tana jiran zuwansa na gaba.

Yanzu duk ran da na je garin, tun ina kashe moto Baba zai ɗago daga kan tabarma ya ƙwala mini kira, “Mushe! Hannun wohi ne?” Dole in ɗaga hannuwa biyu sama in juya su gaba da baya, a gaban baƙi da 'yan gari, ko da ranar Salla ce. Sai ya duba su da kyau, ya ɗaga kai ya duba sararin sama, sannan ya ce, “To, matso ka gaishe ni.”

Na sake haɗa wani jirgin, don taurin kai bai ƙone tare da na farko ba. Ina koya wa ɗalibaina yadda ake yi, tukunyar ƙasa, yashi, cire farfela, jan sandar hagu ƙasa kafin a ajiye telekomand ko da sama za ta faɗo. Amma akwai dokar da nake fara faɗa musu, wadda babu ita a bidiyon kowa. Kafin ka haɗa batir, ka bi gari gida-gida ka gaida duk wanda ya girme ka, wanda ba ya nan kuma ka zauna ka jira shi ya dawo.